Filin Tambaya da Amsa: Wane ne Abu Rannat, alƙalin Sudan da ake karanta dokarsa a kotunan Kano?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru mini a WhatsApp har wayar na neman shaƙewa, ga wutar Gadarif sai a hankali, in ta leƙo da hantsi ba ka sake ganinta sai bayan isha'i, saboda haka wanda bai ga tambayarsa ba ya yi haƙuri ba share shi na yi ba. Ni na jawo wa kaina kuma. A fitowar da ta wuce ina amsa wata tambaya kan rabon gado sai na ambaci sunan Abu Rannat a gurguje na wuce, ashe na taɓo gidan rina, tambayoyi kusan duk a kansa suka zo. Toh bari mu ba shi filin gaba ɗaya mu huta.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ɗalibin shari'a ne, yaƙin nan ya koro mu daga Khartum na dawo gida Maiurno ina zaune. Wani malaminmu ya taɓa cewa dokar da ake hukunta ɓarawo da ita a Kano daga nan Sudan aka ɗauke ta, wai wani alƙalinmu ne ya kai. Dan Allah gaskiya ne ko dai malam ya ƙara gishiri? Kuma shi wane ne? Daga ɗanka a Maiurno.

AMSA: Ɗana Allah ya mayar da ku karatu lafiya. Malaminku bai ƙara gishiri ba, in ma akwai abin da ya yi to ragewa ya yi.

Sunansa Muhammad Ahmad Abu Rannat. Ɗan Kwalejin Gordon ne, wadda daga baya ta zama Jami'ar Khartum, kuma yana cikin 'yan farko-farkon da suka shiga makarantar koyon shari'a da Turawa suka buɗe a Khartum a 1936, zamanin da Muhammad Ahmad Mahjub ma ya bar injiniyanci ya koma karatun lauya, wannan da ya zo ya yi firaminista har sau biyu. Kafin wannan makaranta ɗan ƙasa iyakarsa a kotun Bature ya zama akawu ko tafinta, kujerar kuwa ta Bature ce. Abu Rannat bai faɗo daga sama ba, matakala ya bi ɗaya bayan ɗaya, alƙalin ƙaramar kotu, na lardi, har ya kai alƙalin Babbar Kotu, sannan a 1955 ana jajibirin samun 'yanci Baturen ƙarshe mai riƙe da kujerar, wani Linze, ya tattara komatsansa, aka ɗora shi. Shi ne ɗan Sudan na farko da ya zama Ra'isul Ƙada, wato babban jojin ƙasa kamar yadda mutanen Najeriya ke cewa, ya riƙe daga 1955 har 1964.

Amma tsaya, kai da kake karatun shari'a kar ka haɗa shi da Ƙadil Ƙudat, wato babban alƙalin kotunan shari'ar Musulunci, mutane da yawa suna wannan kuskuren. A lokacin kotunan Sudan gida biyu ne. Akwai kotunan madaniyya da na laifuka, su ne a ƙarƙashin Abu Rannat. Akwai kuma mahkama shar'iyya mai duba aure da saki da gado da waƙafi, ita shugabanta daban, kuma shekara da shekaru daga Masar ake turo shi, Shaihu Maragi wanda ya zo ya zama Shaihul Azhar ya riƙe wannan kujera daga 1908 zuwa 1919, sai a 1947 ɗan ƙasa ya hau. Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina saurayi shi ne waɗannan kotunan da Hanafiyya suke hukunci alhali mutanen ƙasa Malikawa ne, tsoho ya karanta Risala da Askari tun yana yaro ya zo gaban alƙali a karanto masa abin da bai taɓa ji ba. Na sha ganin wannan, don shekarun da na yi ina tafinta a kotu ba kaɗan ba ne.

Ita kuma dokar laifukan da Abu Rannat ya yi rayuwarsa yana hukunci da ita ba ƙirar Sudan ba ce tun asali. Turawa sun kafa ta a 1899, shekara ɗaya bayan yaƙin Karari da suka ci Sudan, suka kwaikwayo ta daga dokar laifuka ta Indiya ta 1860 wadda wani Bature Makoli ya tsara, aka sake gyara ta a 1925. To wannan ta 1925 ɗin ita ce uwar Final Kod ta Arewacin Najeriya. Wani ɗan ƙanena da ke zuwa fatauci Kano ya taɓa sayo mini kwafin Final Kod, takardar ta yi ja, bangon an liƙe da salatif, na shiga ɗaki na zaro tsohuwar dokarmu ta Turanci daga akwatin ƙarfe, muka baje su kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa ana zuba mana gahawa, ina karanta wannan yana bin wancan da yatsa. Wallahi wani wurin lambar sashe kawai ta bambanta. Ma'anar sata, ma'anar cin amana, har 'yan misalan nan da ake sakawa ƙarƙashin sashe, A ya yi kaza saboda haka A ya aikata kaza, kamar an tsaga kara. Gahawar ta huce ba mu sha ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗan kasuwa ne a Kassala amma kakannina Kanawa ne. Abin da ban gane ba, Kano da Sakkwato da Zariya cike suke da malamai da alƙalai tun zamanin Shehu, me ya sa Sardauna zai tsallake su duka ya ɗauko baƙo? Ba raini ba ne wannan?

AMSA: Alhaji lafiya lau, ya kasuwa. Ba raini ba ne, matsi ne, kuma sai ka ji yadda abin ya faro kafin ka yanke.

Arewa a lokacin doka biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a kan laifi ɗaya. Kotun Bature tana aiki da Kiriminal Kod da Lugga ya kawo a 1904, wadda ita kuma daga Kwinsland ta Ostireliya aka kwaso ta. Kotun alƙali da ta sarki suna aiki da Malikiyya, ban da yanke hannu da jifa da Turawa suka hana tun shigowarsu. Muddin maganar akuya ce ko bashi ba wanda ya damu. Inda gizo ke saƙar shi ne kisan kai. A Malikiyya in ka kai wa mutum hari da gangan ya mutu, to jininka na hannun waliyyansa, in sun ce ƙisasi ƙisasi ne, in sun yafe ko sun karɓi diyya ka tsira da ranka. A dokar Bature kuwa dangin mamaci ba su da ta cewa, amma in an tunzura ka ne ka yi kisan cikin zafin zuciya kafin ka huce, ba a rataye ka, ɗauri ne. Ka ga kenan mutum biyu su yi laifi iri ɗaya rana ɗaya, wannan a kashe wancan a ɗaure, bambancin kawai wace ƙofa ɗan doka ya shigar da kowa.

A 1947 abin ya fashe. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum Tsofo Gubba hukuncin kisa, aka ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, ta rushe hukuncin, ta ce tunda laifin yana cikin Kiriminal Kod kuma akwai tunzurawa to ba a kashe shi. Sarakuna suka ji kamar an mare su a bainar jama'a. Daga nan aka shiga yi wa doka faci, a gyara yau a warware gobe, shekara goma ana abu ɗaya, har aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a 1956, duk bai kashe wutar ba.

Sai ga 'yanci ya matso. Kwamitin Wilinki da aka kafa a 1957 don jin koken ƙananan ƙabilu ya zaga, waɗanda ba Musulmi ba suka yi ta kai kuka a kan kotunan alƙalai, 'yan NEPU ma Musulmi ne amma su suka fi kowa sanin ɗacin kotun sarki don da ita ake ɗaure su. Ingila ta nuna wa Sardauna a fili cewa mulkin kai na Arewa yana tare da gyaran kotuna, ga kuma maganar masu zuba jari daga waje da ba za su kawo kuɗinsu inda ba su san dokar da za ta hau kansu ba. Toh Alhaji ka sa kanka a takalmin... a'a bari in faɗa da Hausa, ka ɗauka kai ne Sardauna. In Bature ya rubuto doka ya miƙo, malamai za su ce kafirci. In malaman gida suka rubuta, Ingila da mutanen Filato da Binuwai za su ce ba a canja komai ba. Dole ka nemo Musulmi, masani, wanda ya yi hukunci da irin wannan doka a ƙasar Musulmi kuma ba wanda ya ce ya bar addini. Shi ya sa aka fara tura tawaga Libiya da Pakistan da Sudan su gano yadda suke yi, sannan aka kira kwamitin masana.

Mutum shida ne. Abu Rannat shugaba, sai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, sai Farfesa Andasan daga Landan wanda ya ƙware a fiƙihu duk da Kirista ne, sai 'yan gida uku, Shettima Kashim Wazirin Borno, Pita Achimugu, da Malam Musa babban alƙalin Bida. Ka ga ba a tsallake 'yan gida ba. Suka zauna a Kaduna daga ƙarshen Agusta 1958, kafin tsakiyar Satumba sun miƙa rahoto. Sati biyu! Ni dai har yau ina ganin wanda ya gama irin wannan aiki a sati biyu to da ma ya zo da amsarsa a aljihu, kuma amsar ita ce a ɗauki dokar Sudan. Ba abin mamaki ba ne, shugaban da ita ya saba, na Pakistan kuma da uwarta ta Indiya ya saba. Wanda ya zauna ya yi rubutun ma, wani Bature Richadsan, tsohon ma'aikacin mulki ne a nan Sudan kafin ya koma Arewa. Majalisa ta amince a 1959, doka ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana ɗaya kafin a sauke tutar Ingila.

Kuma Alhaji kar ka manta Sudan ba baƙuwa ba ce a wurin alƙalan Kano. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci, malamanta na farko daga nan aka ɗauke su. Girandi Kadi na farko a Arewa, Shaihu Awad, ɗan Sudan ne, shi Malam Abubakar Gumi ya gada a 1962, shi kansa Malam Gumi a Bakhtar Ruda kusa da Duwem ya ƙaro karatu. Hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa da jaki suna neman Makka, ita malamai suka bi suka koma yamma, sai dai su a jirgi.

TAMBAYA: Malam ka daina yi wa mutumin nan kwalliya. Shi ne fa ya je ya kashe shari'ar Musulunci a ƙasar Shehu, abin da Turawa suka kasa a shekara sittin ya yi musu a 'yan kwanaki. Ka faɗi gaskiya ko don Allah. Daga wani almajiri a Damazin.

AMSA: Malam Allah ya gafarta, ban yi masa kwalliya ba, kuma maganarka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Daga 1960 hukuncin laifuka a Arewa ya bar hannun Mukhtasar ya koma hannun Final Kod, shari'a ta tsaya a aure da saki da gado da sauran mu'amala, aka kafa mata kotun ɗaukaka ƙara ta kanta. Wannan ya faru, kuma sa hannun Abu Rannat na kai. Malamai da yawa ba su taɓa yafewa ba, shi ya sa da gwamnan Zamfara Ahmad Sani ya yi shela a Gusau a watan Oktoba 1999 mutane suka yi ta kuka don murna, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi. Wannan kukan ai na shekara arba'in ne.

Amma inda zan rabu da kai shi ne wai shi ya kashe. Haddin sata da na jifa tun zamanin Lugga aka dakatar da su, kafin Abu Rannat ya san inda Kaduna take. Na biyu ba shi ke da majalisa ba, shawara ya bayar, waɗanda suka ɗaga hannu 'ya'yan Arewa ne da sarakunansu, kuma kafin a kai dokar majalisa sai da aka zaunar da manyan malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu suka bi ta. Ai shi ya sa ta fito da abubuwan da babu su a dokar kudu. Sashe na 387 da 388 sun sa zina ta zama laifi, sashe na 403 ya hana Musulmi shan giya, an bar bulalar haddi a cikin jerin hukunce-hukunce, sannan a dokar bin ƙa'idar shari'ar aka ce in kotun gargajiya ta yanke kisa a tambayi dangin mamaci ra'ayinsu a rubuta, masu duba afuwa su gani. Za ka ce wannan ɗan romo ne aka ba malamai don su yi shiru, toh wataƙila, ni ma wani lokacin haka nake gani. Sai dai ka tambayi talakan da aka taɓa ɗaurewa a kotun sarki ba tare da an gaya masa sashen da ya karya ba, don kawai ya ɗaga tutar jam'iyyar da ba a so, shi zai gaya maka amfanin a ce laifi sai wanda aka rubuta. An fassara dokar da Hausa, aka riƙa kwasar alƙalai ana kai su Kongo a Zariya suna koyon ta, wasu da gemunsu fari.

Ni abin da na riƙe game da shi, mutum ne da ya yarda doka aba ce da ake ɗinkawa daidai jikin mutanen da za su sa ta. Ya ma yi rubutu a 1960 kan alaƙar shari'ar Musulunci da al'ada a Sudan. Ko ɗinkin ya yi daidai ko ya matse, wannan kai da ni za mu iya kwana muna ja. Ka zo Gadarif in an kwashe riɗi, shayi a kaina.

TAMBAYA: Kawu sannu da ƙoƙari. Ni malamar makaranta ce a Sinja. Muna koya wa yara Azhari da Mahjub da Ƙurashi, amma ban taɓa ganin an yi bikin tunawa da wannan alƙali ba. In har ya kai yadda kake faɗa me ya sa aka manta da shi a gida?

AMSA: 'Yata tambayarki ta fi ta kowa ciwo, kuma amsar suna ɗaya ce, Abbud.

Lissafa da kanki. Ya dawo daga Kaduna a Satumba 1958, inda ya je koya wa mutane yadda ake bin doka. Wata biyu bayan nan, ranar 17 ga Nuwamba, Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki daga hannun Abdullahi Khalil, aka jingine tsarin mulki, aka rufe majalisa, aka soke jam'iyyu. Babban alƙalin ƙasa bai ajiye aiki ba. Bai tsaya nan ba ma, ya zama cikin masu ba soja shawara, shi ya shugabanci kwamitin da ya haifi dokar mulkin larduna ta 1960, aka bi ta da Majlisul Markazi da aka buɗe a 1963, wata majalisa ce da soja suka ƙera don a ce ai ana shawara da jama'a. Masu kare shi suna cewa da ya tafi da soja sun ɗora wanda ya fi shi sauƙin juyawa, kuma zamansa ya sa kotuna suka ci gaba da aiki da mutuncinsu. Akwai gaskiya a nan, tsofaffin da na tarar a kotu in suna yabon zamanin da alƙali alƙali ne, ba ya cin abincin kowa ba ya zuwa walimar mai ƙara, zamaninsa suke nufi. Amma ni a ganina ya zauna kusa da wuta fiye da kima. Alƙali in ya saba shiga ofishin janar ta ƙofar baya, ko bai ci komai ba mutane sun daina ganin rigarsa fara.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka yi juyin juya halin Oktoba. Abin da nake tunawa shi ne babana da maƙwabta sun kewaye rediyo ɗaya a ƙofar gida ana kama Omdurman da ƙyar, an hana mu ko tari. Ranar 21 ga Oktoba 1964 'yan sanda suka harbe ɗalibi Ahmad Ƙurashi a Jami'ar Khartum, kwana uku bayan nan alƙalai da lauyoyi suka taru a harabar ma'aikatar shari'a, aka shelanta yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, kafin tsakiyar Nuwamba ta wuce Abbud ya sauka. Sunayen alƙalan da mutane suka riƙe daga wannan rana su ne Abdulmajid Imam da Babikir Awadallah, ba shugabansu ba. Guguwar ta tafi da Abu Rannat, Babikir ya hau kujerar.

Sai dai ki ji ƙarashen, don kar yara su ɗauka labarin na mugu da nagari ne. Babikir ya yi abin a yaba, da majalisa ta kori 'yan kwaminis a 1965 kotu ta ce korar ta saɓa tsarin mulki gwamnati ta ƙi bi, ya ajiye aiki a 1967. Shi wannan Babikir ɗin kuma shi ne ya fito firaministan Numairi ranar 25 ga Mayu 1969, a bayan tankar soja. Toh wa za a jefa?

Shi kuwa Abu Rannat duniya ba ta yar da shi ba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi aikin bincike kan daidaito tsakanin mutane a gaban shari'a, aka buga rahoton a 1972. Dokar da ya yi wa hidima ce ba ta yi tsawon rai a gida ba. An taɓa ta a 1974, Numairi ya kifar da ita da dokokin Satumba 1983, aka sake wata a 1991. Yau in kina son ki ji ana karanta jimlolinta a gaban alƙali sai dai ki je Abuja ko Kano.

TAMBAYA: Malam ni tsohuwa ce jikata ke rubuta mini. Duk wannan dogon Turanci na ji, amma mu Hausawan nan me ya yi mana? Mijina har ya rasu yana yawon neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Daga Hajiya a Wad Madani.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya jiƙan Malam ya sa ya huta. Gaskiya ɗaya ce, wannan ƙulli ba a kotu aka ƙulla shi ba, a dokar jinsiyya ta 1957 yake, kuma gwamnati da majalisa ke yin doka, alƙali karantawa yake. Dokar ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Toh Hajiya duba lissafin. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, bayan nan ne ɗansa Mai Wurno ya iso da jama'a suka kafa garin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, sauran kuma suka yi ta biyowa, wasu aikin audugar Jazira ya tsayar da su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Kenan da 'yan shekaru kaɗan aka rufe mana ƙofa. Wanda aka haifa a nan, ubansa ma a nan, sai a ce ya nemi ta tajannus, wadda ake ba baƙo, kamar wanda ya sauka jiya.

Babana yana da wani gwangwanin alawa da yake ajiye takardu, rasit ɗin harajin gona, takardar shaidar shehun unguwa, wata wasiƙa da tawadar ta kusa gogewa. Duk lokacin da zai je wani ofis sai ya sa farar jallabiyya ya ɗaura rawani ya rungumi gwangwanin nan, ni ina biye da shi don Larabcina ya fi nasa. Wani ma'aikaci ya taɓa ce masa ya faɗi wata kalma, don kawai ya ji harshensa ya karkace a yi dariya. Baba ya faɗa, aka yi dariyar, ya rufe gwangwaninsa a hankali muka fito, bai ce mini komai ba har gida. Daga baya an sassauta shekarar, dokar 1994 ta dawo da ita 1 ga Janairu 1956, amma shi bai kai ba. Saboda haka Hajiya ba zan ce miki Abu Rannat ya share mana hawaye ba. Mutumin da ya tsallaka har Kaduna don a daidaita Musulmi da wanda ba Musulmi ba a gaban doka, yana fita daga ofishinsa a Khartum in ya yi kudu kaɗan zai tarar da Ishash Fallata, unguwar bukkokin mutanenmu, kuma wannan dokar ta 1957 a zamanin da yake kan kujera aka yi ta.

TAMBAYA: Baba ni tawa gajera ce, 419 da ake ce wa 'yan damfara daga cikin dokar tasa take? Daga direban raksha a Bur Sudan.

AMSA: A'a ɗana, wannan lambar ta kudu ce, sashe na 419 na Kiriminal Kod. A Final Kod damfara tana sashe na 320, hukuncinta a 322, sata kuma 286 da 287. Da a ce Kano aka fara raɗa sunan da yanzu 'yan 320 muke ce musu. Wanda ya turo tambaya kan kuɗin haya da mai gida ya ƙara masa sau uku a shekara ɗaya, na gani, ka turo mini hoton takardar yarjejeniyar gaba da baya, wadda ka turo rabin ta yanke.